Juyen Mai Na Minti 10: Ya Dace A Kai Motar Tsere Irin Corvette Waɗannan Shagunan?

Kwanakin baya ina haɗa wa wani dilan motoci 'yar manhajar da za ta riƙa ajiye masa tarihin gyaran motocin da yake shigowa da su daga Amurka. Cikin takardun da ya turo mini don gwaji akwai rahoton Carfax na wata Chevrolet Corvette ƙirar 2016. Da na bi layin sabis ɗinta sai na ga kusan duk juyen da aka yi mata a shagunan juyen gaggawa aka yi shi, irin waɗanda mutum ke shiga da mota ya fito bayan minti 10 ko 15. Dilan ya tambaye ni ko wannan abin damuwa ne, ni kuma a lokacin ban da amsa. Shi ya sa na zauna na karanta littafin motar da yadda injinta yake aiki, kuma abin da na fahimta shi zan kawo muku yau.

Ko ba ka da irin wannan mota, bayanin zai amfane ka, domin ƙa'idar ɗaya ce da ta wayar da ke hannunka. Akwai gyaran da kowane mai tebur a kasuwar waya zai iya yi maka, kamar liƙa gilashin kariya, akwai kuma wanda idan ka bai wa wanda bai san wannan samfurin ba, wayar ta tafi ke nan.

Mene ne shagon juyen gaggawa?

A Amurka sana'a ce babba mai zaman kanta tun shekarun 1970. Sunayen da suka fi shahara su ne Jiffy Lube da Valvoline Instant Oil Change da Take 5 Oil Change. Ba sai ka yi alƙawarin lokaci ba. Kana zuwa za a nuna maka ka hau da motar kan wani dogon rami, ma'aikaci ɗaya yana ƙasa yana kwance notin zubar da mai da filta, wani yana sama yana zuba sabon mai yana duba ruwan gilashi da iskar taya. A wasu shagunan ko fitowa daga mota ba ka yi.

Ribar wannan sana'a tana cikin yawan motocin da suka wuce ta kan ramin a rana. Saboda haka an tsara komai ne domin motar da aka fi gani, wato irin su Corolla da Camry da Civic da F-150. Notin zubar da mai ɗaya, filta ɗaya, lita 4 zuwa 6, a zare geji a duba, a sallami mutum. Ga irin waɗannan motoci tsarin yana aiki, kuma miliyoyin mutane da shi suka dogara.

A harshenmu na masu rubuta manhaja, shagon tamkar shiri ne da aka rubuta don bayanan da aka saba shigarwa. Muddin abin da ya shigo irin wanda aka zata ne, lafiya lau. Ranar da wani baƙon abu ya shigo, shirin ba zai tsaya ya yi tambaya ba, zai bi matakan da ya saba ne ya fitar da sakamakon da ba daidai ba. Motar tsere ita ce wannan baƙon abu.

Inda bambancin yake: jiƙaƙƙen kasko da busasshen kasko

A yawancin motoci, baƙin mai yana taruwa ne a wani kasko da ke ƙarƙashin inji. Famfo yana zuƙo shi daga nan ya tura shi sassan inji, ya gama zagayensa ya gangaro ya koma kaskon. Wannan shi ne tsarin jiƙaƙƙen kasko, domin kullum man yana kwance a cikinsa.

Matsalar tana zuwa ne idan mota ta sha kwana da gudu mai tsanani. Ka ɗauki kwanon miya ka juya da sauri, za ka ga miyar ta koma gefe ɗaya. Haka man yake yi a cikin kasko. Idan ya gudu daga bakin bututun da famfo ke zuƙa, famfon zai zuƙi iska, ƙarafan da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya su gogi juna babu mai a tsakaninsu. 'Yan daƙiƙoƙi sun isa inji ya buga.

Don magance wannan, motocin tsere da yawa suna amfani da tsarin busasshen kasko. A nan ana ajiye man ne a wani dogon tanki na daban a gefen inji. Akwai famfon da aikinsa kawai ya kwashe man da ya gangaro ƙasa ya mayar da shi tankin, wani kuma ya ɗebo daga tankin ya tura cikin inji. Da yake tankin dogo ne siriri, duk yadda motar ta karkata akwai mai a gindinsa. Ƙari a kan haka, kaskon ƙasa ya zama siriri, don haka ana iya saukar da injin ƙasa sosai, motar ta ƙara kama hanya.

Yanzu ga inda rikicin yake. Corvette ta ƙarni na bakwai, wadda ake kira C7, an ƙera ta daga 2014 zuwa 2019. Stingray ta gama-gari tana da jiƙaƙƙen kasko, tana cin kwat 7 na mai, kusan lita 6.6. Amma Stingray mai kunshin Z51, da Grand Sport da Z06, duk busasshen kasko gare su, suna cin kwat 9.8, kusan lita 9.3. Stingray biyu za su iya tsayawa gefe da gefe, shekara ɗaya, launi ɗaya, injin V8 mai lita 6.2 iri ɗaya, amma yadda ake yi musu juye ya sha bamban. Idan ma'aikaci ya zaɓi layin da ba shi ba a kwamfutar shago, ya riga ya kauce tun kafin ya taɓa sifana.

Kurakurai uku da busasshen kasko ke jawowa

Na farko, wurin zubar da mai. C7 mai busasshen kasko tana da notin zubarwa guda 2. Wanda ya saba da ɗaya zai kwance wanda ya fara gani, mai ya zubo, ya ɗaure ya ce an gama. Alhali wani kaso mai yawa na tsohon man yana nan a ciki. Idan ya zuba sabon kwat 9.8 a kai, man ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Haka nan shagon da ke zuƙe mai ta sama da injin zuƙa, abin da ke cikin tanki kawai zai samu, na cikin kasko yana nan.

Na biyu, wurin zubawa. A wannan tsarin ana zuba man ne a tankin da ke gefe, kuma gejin ma a jikin tankin yake.

Na uku shi ne ya fi yaudara, wato lokacin duba geji. A motar gida, mun saba cewa da safe kafin a tayar da inji shi ne lokacin da ya fi dacewa a duba mai. A C7 mai busasshen kasko wannan zai ba ka amsar ƙarya, domin idan motar ta daɗe a kashe, man yana sulalewa daga tanki ya koma cikin inji, sai geji ya nuna kamar babu mai. Littafin motar ya ce a bari injin ya yi zafi sosai, a kashe shi, a jira minti 5 zuwa 10, sannan a duba. Wanda bai san haka ba zai ga geji a bushe ya ƙara lita ɗaya ko biyu da kyakkyawar niyya. Man da ya yi yawa a tanki yana bin bututun numfashi ya shiga hanyar iskar inji, ya jiƙa filtar iska, motar ta fara hayaƙi.

Kada kuma ka ɗauka wanda ya iya C7 ya iya duk Corvette. C8 da ta fito a 2020, wadda aka mayar da injinta bayan direba, ita ma busasshen kasko gare ta, amma tana cin kwat 7.5, kusan lita 7.1, kuma ana duba gejinta ne injin yana kunne yana aiki a tsaye bayan ya yi zafi. Kamfani ɗaya, suna ɗaya, ƙa'ida ta canza. Kamar yadda sabon Android kan sauya wurin da saiti yake ne, wanda ya haddace tsohon wuri sai ya yi ta lalube.

Ko a jiƙaƙƙen kasko cika mai fiye da ƙima yana da illa. Idan man ya taso har sandar da fistin ke juyawa ta fara dukansa, sai ya zama kumfa, kumfa kuwa iska ce, ba ta iya raba ƙarfe da ƙarfe.

Maganar irin man da za a zuba

Lambobin da kake gani a jikin galan, irin 0W-40 ko 5W-30, suna nuna kaurin mai ne. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi. Amma kauri rabin zance ne. Kowane kamfani yana da nasa lasisin da yake so a gani a jikin galan. General Motors yana da dexos, Porsche yana da irin su A40, BMW yana da Longlife-01. Man da kaurinsa ya yi daidai amma ba shi da wannan lasisi, bai cika sharaɗin da kamfanin ya gindaya ba.

A Corvette, ƙirar 2014 zuwa 2018 sun fito da 5W-30 mai lasisin dexos1. Daga 2019 kamfanin ya koma 0W-40, C8 Stingray ma da shi ta zo. Ita kuwa C8 Z06 da ta fito a 2023, wadda injinta ke juyawa har sau 8,600 a minti, 5W-50 take sha. Shagon gaggawa yana sayen mai ne a manyan tankuna, yana zuba shi ta tiyo, kuma abin da ke cikin tankunan shi ne wanda yawancin motoci ke buƙata, irin 0W-20 da 5W-30. Ba lallai ne a samu 5W-50 mai lasisin da ake so a wurin ba. Ma'aikacin kirki zai gaya maka babu. Wanda ke sauri zai ce wannan ma ya yi.

A injinan zamani mai ba santsi kawai yake bayarwa ba. Tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul da matsin mai yake aiki, haka ma tsarin da ke kashe silinda 4 cikin 8 don rage shan fetur a C7 da C8 Stingray. Saboda haka man da bai dace ba yana shafar yadda kwamfutar motar ke sarrafa injin kai tsaye.

Haɗarin da bai shafi mai ba

Wani lokacin ɓarnar tana faruwa ne tun kafin a taɓa inji. Motar tsere a ƙasa take sosai. Hawan shiga shago da ƙarafan da ke gefen rami an yi su ne da tunanin motar gida, don haka leɓen bamba na gaba yana iya gogar ƙasa. A wasu samfuran wannan leɓen na zaren kabon ne, tsagewa yake yi, kuma ba a yi masa walda. C8 tana da wani zaɓi da ke ɗaga hancinta kusan milimita 40, har tana iya haddace wurare 1,000 ta GPS ta riƙa ɗagawa da kanta, amma sai wanda ke tuƙin ya san maɓallin yana nan.

Idan shagon ɗaga mota yake yi maimakon rami, akwai wani abin lura. Jikin Corvette ba ƙarfe ba ne, kuma akwai takamaiman wurare 4 a jikin firam da aka tanada don jak, inda ake maƙala wasu 'yan faifai kafin a ɗaga. Idan aka sa hannun na'urar ɗagawa a wani wuri daban, gefen motar zai fashe. C8 kuma nauyinta ya fi yawa a baya, kusan kashi 60 cikin 100, saboda can injin yake. Wanda ya daidaita ta kamar motar da injinta ke gaba yana iya sa ta zame daga sama.

Sai kuma kurakuran da ke faruwa a kowace mota, amma suka fi ciwo a mai tsada. Kaskon aluminiyam ba ya son a ɗaure noti da ƙarfin tsiya, zaren ramin yana cinyewa. Notin zubar da mai na waɗannan injinan V8 na GM ana ɗaure shi ne da ƙarfin 25 Nm, kuma sai da sifana mai auna ƙarfin ɗauri ake sanin an kai nan. Akwai kuma robar tsohuwar filta da kan manne a jikin inji. Idan ba a lura ba aka ɗaura sabuwar filta a kanta, roba ta zama biyu, da matsi ya taso sai ta fashe man ya tsiyaye a kan hanya. A wasu motocin Subaru kuwa sanannen kuskure ne a kwance notin man giya a zaton na inji ne, sai a tafi da giya babu mai, inji kuma da mai ninki biyu.

Ba duk motar tsere ce mai wuyar sha'ani ba

Adalci shi ne a faɗi wannan ma. Toyota GR86 da tagwayenta Subaru BRZ motocin tsere ne, amma jiƙaƙƙen kasko gare su, 0W-20 suke sha, filtarsu tana sama a fili kana buɗe bonet za ka gan ta. Ford Mustang GT daga 2018 ita ma jiƙaƙƙen kasko ce, abin lura kawai shi ne tana cin kimanin kwat 10, wato ninkin abin da ƙaramar mota ke ci. Ga irin waɗannan, shagon gaggawa mai ma'aikata masu natsuwa zai iya yin aikin.

A ɗaya ɓangaren akwai irin su Porsche 911 na zamani, da ba su da gejin zarewa sam. Ana auna man ne a allon mota, bayan inji ya yi zafi kuma motar tana kan shimfiɗaɗɗen wuri. Nissan GT-R kuma sai an cire faifan da ya rufe ƙarƙashinta mai notuna da yawa. Duk aikin da ke buƙatar jira da bin mataki-mataki ba ya jituwa da shagon da agogo ke korar ma'aikatansa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Don haka tambayoyin da za ka yi wa motar su ne: busasshen kasko gare ta? Tana da geji na hannu? Man da take sha ana samunsa a ko'ina? Sai an cire faifan ƙasa? Tana da wuraren ɗagawa na musamman? In amsoshin sun nuna motar ta fita daga tsarin gama-gari a wuri biyu ko fiye, shagon gaggawa ba wurinta ba ne.

Garanti fa?

Mutane da yawa a Amurka suna tsoron cewa juye a wajen dila yana soke garanti. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya soke garanti don kawai an yi sabis a wani wuri. Sai dai idan kamfanin ya nuna cewa man da bai dace ba ko aikin da aka yi ba daidai ba ne ya lalata injin, yana da damar ƙin biyan wannan gyaran. Daga nan sai mai mota ya koma neman haƙƙinsa wurin shagon, kuma abin da zai tsaya masa shi ne rasit mai ɗauke da kwanan wata da nisan tafiya da sunan mai da yawan da aka zuba.

Shi ma dila ba mala'ika ba ne. A gareji da yawa na diloli, juyen mai aikin sababbin ma'aikata ne. Bambancin shi ne dila yana da littafin gyara na kamfani da man da ya dace a ajiye, kuma in an yi ɓarna babu jayayya a kan wanda zai ɗauki nauyi. Sau da yawa wanda ya fi duka shi ne gareji mai zaman kansa da ya ƙware a kan irin motar, wanda ya taɓa ta sau ɗari.

Yadda wayarka za ta taimake ka

Abu na farko, sauke littafin motar. Kamfanoni irin Chevrolet da Ford da Toyota suna ajiye shi kyauta a shafukansu a matsayin PDF. Nemo shafin da ke maganar man inji, ka ɗauki hotonsa, ka nuna wa duk wanda zai taɓa motar.

Na biyu, ɗauki hoton motar kafin a fara aiki: leɓen bamba, gefuna biyu, da allon da ke nuna nisan tafiya. Ɗauki hoton galan ɗin man da lambar filta. Hoton waya yana ajiye kwanan wata da lokaci, wannan kuwa shaida ce.

Na uku, fahimci abin da lissafin rayuwar mai yake nufi. Kason da kake gani a allo, misali kashi 40 cikin 100, a motocin GM ba wata na'ura ce ke ɗanɗana man ba. Manhaja ce ke lissafi daga yawan juyawar inji da zafinsa da yanayin tuƙi. Idan an danna maɓallin sake saiti za ta koma 100, ko an canza man ko ba a canza ba, ko mai kyau aka zuba ko gurɓatacce. Ganin 100 a allo yana tabbatar maka da cewa an danna maɓalli ne kawai.

Na huɗu, 'yar na'urar OBD2. Kusan duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da wannan soket a ƙarƙashin sitiyari. Da ƙaramar na'ura mai Bluetooth da manhaja irin Torque ko Car Scanner za ka karanta lambobin matsala kafin juye da bayansa. Wasu motocin suna ba da zafin mai ta nan, wasu ba sa bayarwa. Corvette dai tana nuna zafin mai da matsinsa a allonta.

Na biyar, kyamara. Corvette daga 2015 tana da zaɓin Performance Data Recorder, mai yanayin da ke ɗaukar bidiyo da gudun motar idan ka bar ta a hannun wani. Wanda ba shi da wannan, kyamarar gaban mota ta wadatar. A kula dai, dokokin naɗar murya sun bambanta daga jiha zuwa jiha a Amurka, don haka gara a sanar da masu shagon.

Mai son ya san lafiyar injinsa da gaske yana iya aika ɗan samfurin tsohon man ɗakin gwaji, irin Blackstone Laboratories da ke jihar Indiana. Za su auna ɓurɓushin ƙarfe da ke ciki da ko fetur ko ruwan lagireto ya gauraya da shi.

Idan dole ta sa sai shagon gaggawa

Wataƙila kana kan doguwar tafiya, ko garin da kake babu ƙwararre. To ka je da manka da filtarka. Kafin ka hau ramin ka tambayi ma'aikacin noti nawa zai kwance, lita nawa zai zuba, yaya zai duba geji. Amsarsa za ta nuna maka ko ya san motar. Wanda ya ce bai sani ba amma zai duba littafi ya fi wanda ya ce duk mota ɗaya ce.

Ka je lokacin da babu layi. Ka tsaya kana kallo. Ka nemi a nuna maka tsohuwar filta da robarta a jiki. Ka ce juyen mai kawai kake so, kada a taɓa man giya ko wani ruwa. Bayan an gama, ka bar injin ya yi aiki na 'yan mintoci, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, ka duba geji da kanka bisa ƙa'idar motar. Washegari ka duba inda ta kwana. Idan kuma jar fitilar mai ta kama a hanya, matsi ne ya faɗi, ka gangara gefe ka kashe injin nan take. Ƙoƙarin ƙarasawa gida shi ne ke mayar da ƙaramin gyara ya zama sayen sabon inji.

Abin da ya shafe mu a nan gida

Da yawa daga cikin Mustang da Camaro da Challenger da ɗaiɗaikun Corvette da ake gani a Abuja da Kano da Kaduna daga Amurka aka shigo da su, wasu daga gwanjon Copart ko IAA. Idan za ka sayi irinsu, lambar VIN za ta buɗe maka tarihinta. Ganin sunan shagon gaggawa a tarihin ba hujja ba ce cewa injin ya lalace. Motar da aka yi wa juye a kan lokaci a irin wannan shago ta fi wadda tarihinta ya yi shiru shekara biyu. Abin da na gaya wa dilan nan shi ne ya sa a buɗe akwatin filtar iska a duba ko akwai alamar mai, a duba notunan zubarwa biyu ko zarensu lafiya, a leƙa gefunan ƙasa ko akwai fashewa, sannan a kalli matsin mai a allo bayan injin ya yi zafi.

Idan motar ta iso kuma, mai juye na gidan mai ko na bakin titi yana cikin halin da ma'aikacin shagon Amurka yake, har ma ya fi shi rashin ganin irin wannan inji. Ga kuma al'adar zuba 20W-50 a kowace mota da hujjar cewa garinmu da zafi. Zafin Kano na watan Afrilu gaskiya ne, amma injin da lagiretonsa ke aiki yana riƙe zafinsa ne a wajen digiri 90 zuwa 100 ko a ina yake, kuma injiniyoyin da suka zaɓi 0W-40 sun san akwai hamadar Arizona. Abin da ƙura da cunkoso da zafinmu ke buƙata shi ne a rage tazarar juye a kuma kula da filtar iska. Sannan a sayi mai a wurin amintaccen dila, domin jabun mai yana yawo a kasuwa, araha kuwa ba ta ado.

A taƙaice, ga motar gida da motar tsere mai sauƙin tsari irin GR86, shagon gaggawa mai kyau ya wadatar muddin kana lura. Ga mai busasshen kasko, ko marar geji, ko mai buƙatar man da ba a samu ko'ina, ka nemi wanda ya san ta, ko ka koyi yi da hannunka tare da littafinta a buɗe a wayarka. Minti 40 da za ka ƙara a garejin ƙwararre bai kai watannin da za ka yi kana jiran inji daga ƙasar waje ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, inda za mu duba yadda ake haɗa na'urar OBD2 da wayar Android da abin da lambobin da take nunawa suke nufi.